Goron da Adda Ba Ta Ci Ba

A unguwarmu, can bayan kasuwar Kontagora, akwai wasu tsofaffin mata shida da ke haɗuwa kullum da hantsi a gidan Ruka su yi kaɗi. Lokacin Turawa na nan, kanti ya fara kawo yadi, amma masaƙa ba su daina neman zaren hannu ba. Kowace takan zo da taskirarta da mazari da ɗan alli, a baje tabarma a gindin tsamiya, a yi ta murza zare ana hira har a kira azahar.

Biyu daga cikinsu kowa ya san ba a jin kansu. Ɗaya Hajara, Banufiya ce da aka kawo daga wajen Auna tun tana amarya, har ta tsufa harshenta bai gama sakin Nufanci ba. Ɗayar kuwa Adda, Bafulatana, doguwa, ba ta da yawan magana amma tana da dariya. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu shekara arba'in. Hajara ce ta yanke cibiyar Buba, ɗan Adda tilo, ita ta yi mata wankan jego har ta yi arba'in.

Matan nan suna da wata al'ada tasu. In biyu sun saɓa, ba a kai ƙara wurin kowa, ba a ma cewa a yi haƙuri. Wadda ta ga laifin nata ne sai ta zo da goro, ta ɓare shi a gaban kowa, ta miƙa ɓari ɗaya. In ɗayar ta karɓa ta gutsura nan take, magana ta mutu. In ta karɓa ta ajiye, to ta faɗi ke nan cewa ba ta huce ba, kuma ba ta da niyyar hucewa. A tsawon zamansu sau ɗaya aka taɓa ajiye goro, kuma waɗancan biyun har ɗayarsu ta rasu ba su sake gaisawa ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne bakin Adda ya lalace.

Da ƙuruciya da haƙoranta aka san ta. Takan goge su da gawayi, ta bi da furen taba da goro har su yi ja mai sheƙi, in ta yi dariya mata su ce, “Ke dai kin samu.” Ko da ta manyanta, kowace safiya takan zauna a bakin ɗaki da asuwakinta, mijinta Malam Nuru na gefe yana jan carbi. Sai Malam Nuru ya rasu. Ba a shekara ba Buba ya samu aikin reluwe a Zungeru, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa suka tafi. Ya so ya tafi da Adda, ta ce ba ta barin ɗakin da aka kawo ta.

Gida ya zama ita kaɗai. Tuƙa tuwo don ciki ɗaya ya yi mata nauyi, sai ta koma dama kunu, in yunwa ta dame ta ta jefa goro. Asuwakin ma yau ta yi, gobe ta manta, har ya bushe a saƙon danga. Da farko jini ta fara gani in ta tofar da yawu. Daga nan dasashi ya kumbura, matauna biyu na hagu suka fara girgiɗi, na gaba ɗaya ya bi su. Wata rana ta shinshina mayafinta ta ji wani wari, ta wanke shi, washegari ta sake ji. Sannan ta gane ba daga mayafin ba ne.

Tun daga ranar ta koma zama a ƙarshen tabarma. In an yi mata magana sai ta amsa kanta a sunkuye cikin taskira. In an yi abin dariya ta ja mayafi ta rufe baki.

Ana cikin haka akuyar Hajara ta tsallako ta inda katanga ta zube, ta cinye kuɓewar da Adda ta shanya. Hajara ta biyo ta da gudu tana salati.

“Wayyo ƙawata! Duka ta cinye? Wannan akuya Allah ya haɗa ta da mahauci!”

A da, da Adda dariya za ta yi, ta ce a aiko mata da cinya in an yanka. Amma ran nan muƙamuƙinta na zugi, ga Hajara ta matso dab da fuskarta. Sai ta ja da baya, ta kau da kai, ta ce ta tsakanin leɓe, “Ba komai. Ɗauke ta ki tafi.”

Hajara ta tsaya tana kallonta. Sannan ta ja akuyarta ta fita.

Washegari da hantsi, mata sun baje tabarma, Hajara ta kwance ƙullin da ke haɓar zanenta. Farin goro ne babba, irin wanda ake kai wa surukai. Ruka ta daina murza mazari.

“A'a, yau kuma wa ya taka wa?”

“Akuyata ce ta yi ɓarna,” in ji Hajara. “Tun da ita ba ta da hannu, ni na zo a madadinta.”

Aka yi dariya. Hajara ta sa farce ta ɓare goron, ya yi ƙas. Ta gutsuri nata, ta miƙa wa Adda ɗaya ɓarin da hannu biyu.

Adda ta karɓa. Ta dubi goron, mai tauri, mai sanyi a tafin hannu. Ta san in ta kai shi hagu ihu za ta yi, in ta kai shi gaba haƙorin nan na iya biyo shi. Ko ta yi ƙoƙari ta dama, dole ta sauke mayafi, ta buɗe baki a gaban mata biyar da suka zuba mata ido. A ranta ta ga jini yana ɓata farin goro, ta ga Ruka tana kau da hanci. Ba ta san lokacin da hannunta ya kai haɓar zane ya ƙulle shi ba.

Mazarin wata ya faɗi ya gangara, ba wadda ta bi shi.

“Adda,” Ruka ta ce a hankali, “kuɓewa ce fa.”

Adda ta so ta yi magana. Amma maganar doguwa ce, kuma da baki ake yin ta. Sai ta tattara audugarta ta tashi.

Hajara ta bi ta da kallo, goro na cike da kuncinta. Ta ce, “To. Allah ya ba mu alheri.” Ta sunkuya ta ci gaba da kaɗi, zaren sai tsinkewa yake.

Daga ranar Adda ba ta sake zuwa gidan Ruka ba. Ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take, lokacin da ba kowa. Aka yi sunan jikar Ruka, aka aika mata goro da waina, ba ta leƙa ba. Mata suka ce ta yi girman kai tun da ɗanta ya fara cin albashi. Wata ta ce ai Fulani haka suke da riƙo. Ba wadda ta je, domin a wurinsu wadda ta ajiye goro ita ce za ta fara takowa.

Hajara ta fi kowa zafi. In an ambaci Adda sai ta ce, “Kada a kira mini sunanta.” Amma in ta koma gida, kunnenta na jikin katanga. Ta lura ba ta jin daka. Ta lura hayaƙin da ke tashi daga can ɗan siriri ne, sau ɗaya a yini, wani lokacin ma babu. Sai ta ce wa kanta, ina ruwana.

Ranar da mako uku ya cika, ta tashi da fushi sabo. Ta bi ɗakinta tana tsinto duk abin Adda da ya daɗe a wurinta: taɓarya, faifai biyu, ludayi, da wata 'yar tukunyar miya da ta aro tun Buba na goye. Ta ɗora su a ka, taɓarya a hannu, ta zaga ta ƙofa. In za a rabu, a rabu da tsabta.

“Salamu alaikum! Ga kayanki na kawo, ki fito ki duba kada a ce na ci wani abu.”

Shiru. Tsakar gida ba shara, kaji sun yi kaca-kaca da ita. A bakin murhu ga ƙwaryar kunu ƙuda na bi, ko rabi ba a sha ba.

Hajara ta sauke kayan. Ta ɗaga asabari.

Adda na kwance a kan gado da rana tsaka, ta juya wa ƙofa baya. Ta ɗaure fuskarta da ɗankwali daga haɓa zuwa tsakar ka. Ta rame har kafaɗunta sun fito.

“Ajiye nan, na gode,” ta ce, maganar na fita da ƙyar.

“Me ya same ki?”

“Ba komai.”

“Ba komai ɗin nan ne ya kai mu inda muke. Juyo.”

“Hajara, don Allah kada ki matso.”

Hajara ta matso. Ta kama kafaɗarta ta juyo da ita, sai ta saki salati. Kuncin hagu ya kumbura ya yi sumul, har idon ya ƙanƙance. Adda ta kai hannu biyu ta rufe bakinta, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta.

“Wari nake yi,” ta ce. “Ki ja baya.”

“Wari? Ni za ki gaya wa wari? Ni da na yi kwana arba'in ina wanke ki, ina zubar da abin da ko uwarki ba ta gani ba? Cire hannun nan. Buɗe in gani.”

“Ba zan iya ba.”

“Bafulatanar nan, zan zauna a kanki fa.”

Adda ta buɗe kaɗan. Hajara ta riƙe haɓarta, ta juya ta wajen hasken ƙofa, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa leɓen. Warin ya buge ta, amma ba ta ɗaga kai ba. Ta daɗe tana dubawa. Da ta gama sai ta zauna a bakin gadon.

Can ta ce, “Goron nan...”

“Da me zan tauna shi?”

“Shi ne ba ki da bakin faɗa?”

“Bakin ne ai ba na son a gani.”

Hajara ta share ido da bayan hannu. “Kin bar ni mako uku ina zaginki.”

“Kin zage ni?”

“Safe da yamma. Har kakanninki na daji ban bari ba.”

Adda ta fara dariya, zafin ya katse ta, ta dafe kunci tana nishi. Hajara ta riƙe mata kai har ya lafa.

“Ke da kike da asuwaki kamar sandar makiyayi,” ta ce, “yaushe kika bari ya kai haka?”

Adda ta dubi inda buzun Malam Nuru ke rataye. “In na tashi da safe ba wanda zan ce wa ina kwana. Sai in ce bari rana ta ɗaga. Rana ta ɗaga, in ce gobe. Wa zan wanke wa bakin, Hajara?”

“Ni mana. Ni ba mutum ba ce? Katanga ce kawai a tsakani, kuma ta zube.”

Hajara ta hura wuta, ta ɗumama ruwa da gishiri ta ba ta ta kurkure, ta tauna kanumfari ta liƙa mata a dasashi. Ta dama kunu sabo da tsamiya, ta ƙi tashi sai da ta ga gindin ƙwarya. Sannan ta ce gobe za su ɗakin magani na En'e, wato na hukumar sarki.

“Ba ni zuwa. An ce da awartaki suke cirewa.”

“Maƙeri ma da awartaki yake cirewa, kuma nasa da shi yake kama ƙarfe. Zaɓi ɗaya.”

Malamin ɗakin maganin sunansa Andarawus, mutumin wajen Rijau ne, mai sanyin murya. Da ya ga tsofaffi biyu, ɗaya na jan ɗaya, ya taso ya ba su benci. Ya wanke hannu ya duba bakin Adda, bai yamutsa fuska ba.

“Iya, kin daɗe da wannan. Wa ke gida tare da ke?”

“Ni kaɗai ce.”

“Da wa kike cin abinci?”



“Da ni,” in ji Hajara. “Daga yau.”

Ya ce ba zai taɓa haƙori ba sai kumburi ya sauka. Kwana uku Hajara na raka ta ana yi mata allura, a hanya tana ba ta labarin duk abin da ya wuce ta, wanda ya faru da wanda Hajara ta ƙara. A rana ta huɗu ya cire matauna biyun. Na gaban da ya taɓa shi kusan da kansa ya fito. Adda ta matse hannun Hajara har sai da Hajara ta ce, “Malam, in ka gama da ita ka duba yatsuna.”

Ya cusa mata auduga, ya ce ruwan gishiri safe da yamma, in wurin ya warke ta koma asuwaki mai laushi a hankali, don sauran ma suna son kulawa. “Kuma Iya, kunu kaɗai ba ya riƙe mutum. A yi tuwo mai ruwa-ruwa, a sa miya.”

Haka aka yi. Hajara ta riƙa miƙo akushi ta inda katanga ta zube, sannan ta biyo shi da kanta. Da safe ta leƙo da asuwaki biyu, su zauna a bakin ɗaki. Kumburi ya tafi, warin ya ragu, fuskar Adda ta fara dawowa. Amma zancen gidan Ruka, ko kusa.

“Ai na gaya musu ba ki da lafiya,” in ji Hajara wata safiya. “Sun ce a gaishe ki.”

“To ai shi ke nan.”

“Ba shi ke nan ba. A gabansu kika ajiye goron. Ruka ta ce ita ba ta ga an ci komai ba. In na ce mun shirya sai su kalle ni kamar mai roƙon arziki.”

“Da wannan giɓin zan je? Kuma har yanzu ba na iya taunawa.”

Da la'asar Adda ta ji ƙwanƙwasa daga bayan katanga, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta gaji da ji. Da safe Hajara ta shigo da murfin gwangwanin madara da ta huda da ƙusa, ta lanƙwashe bakinsa don kada ya yanki hannu.

Adda ta gane shi nan da nan. “Magogi? Irin na tsofaffin ƙofar masallaci? Hajara, ki kashe ni kawai.”

“To ke yarinya ce? Tashi ki ɗauki taskirarki.”

Tun daga zaure suka ji hira, suna shiga ta yanke. Adda ta ja mayafi har hanci. Aka amsa sallama, aka yi mata sannu da jiki, kowa na gyara zaren da bai tsinke ba. Ta nufi ƙarshen tabarma, Hajara ta riƙo zanenta ta zaunar da ita kusa da ita.

Hajara ta fiddo goro, ta ɓare, ta gutsuri nata. Sannan ta ɗora faifai a cinya, ta fiddo magogin, ta shiga goga ɗaya ɓarin. Ba a jin komai sai ƙarar goro a kan gwangwani. Ta tattara garin da yatsa, ta kamo hannun Adda ta zuba mata a tafi.

Adda ta dubi garin. Ta kai ɗaya hannun ta kama bakin mayafi, ta tsaya. Hajara ba ta kalle ta ba, tana ta kakkaɓe faifai.

Sai Adda ta sauke mayafin. Ta buɗe baki, giɓin na waje kowa na gani, ta zuba garin a harshe. Ɗacin goron da ta yi wata da watanni ba ta ji ba ya cika mata baki, idonta ya kawo ruwa.

Ruka ta leƙo, ta ƙare wa giɓin kallo. “Wannan ne? Wannan ɗan ramin ne ya hana mu ganinki wata guda?”

“Uku aka cire,” in ji Adda, tana jin iska na bi ta wurin.

“Uku! Mu da muka zauna nan muna cewa albashin Buba ne ya hau miki kai.” Ruka ta dafa gwiwarta. “Ki yafe mu, 'yar uwa. Da ɗayarmu ta tako, da ba a kai haka ba.”

“Ni ma ai ban faɗa ba.”

Lahadi, wadda ta fi su duka shekaru, ta miƙo hannu daga can gefe. “Hajara, ba ni abin nan in gani. Ramukan sun yi girma, wa ya huda miki?”

“Ni na huda.”

“Ai ga alama.” Ta jujjuya shi, ta kwance nata goron daga haɓar zane, ta fara gogawa kamar wadda ta saba.

Adda ta fashe da dariya. Hannunta ya tashi zai rufe baki, Hajara ta cafke shi ta danna mata mazari a ciki.

“Kaɗi muka zo yi,” ta ce. “Ki yi da hannu biyu.”